Layin Dogon da Ya Juyo Ya Ci Karo da Kansa

A cikin matsalolin da ke jiran duk wanda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, akwai guda ɗaya da ƙwarewar hannu ba ta hana ta zuwa. Mutum na iya sayen dogo mafi tsada a kasuwa, ya liƙa kowace waya da dalma mai tsabta, ya gwada kowane mahaɗi sau biyu. Amma ranar da ya lanƙwasa layin ya dawo da shi cikin kansa, domin jirgi ya zagaya ya fuskanci inda ya fito, komai zai tsaya cik. Fitilar na'urar ba da wuta ta koma ja, inji ya ƙi motsi, in aka yi rashin sa'a har a ji ƙaurin roba. Zai bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya kuskure, ba kuwa zai samu ba, domin laifin yana cikin siffar layin da ya zana tun kafin ya taɓa waya.

Ga wanda bai saba da wannan duniya ba, abin ya wuce wasan yara. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan, manyan mutane, injiniyoyi da likitoci da ma'aikatan da suka yi ritaya, sukan ware ɗaki guda su gina garuruwa da tashoshi da duwatsu, ƙananan jirage masu lantarki suna ratsa su. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage girman komai sau 87, tazarar ƙarafan dogo biyu ta zama milimita 16.5. Ƙungiyar NMRA, mai tsara ƙa'idojin abin a Amurka, tun 1935 aka kafa ta. A birnin Hamburg kuwa, gidan kallon Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001 cikin tsofaffin rumbunan ajiyar kaya na bakin ruwa, yana da dogon da tsawonsa ya haura kilomita 15.

Kasuwa ta daɗe da fitar da wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba, wanda ake cewa yana kashe wannan matsala: waya biyu su shiga, biyu su fita, shi ke nan. Akwatin yana aiki, zalunci ne a ce ba ya yi. Sai dai yadda ake tallata shi ya sa sababbin shiga suna ɗaukar matsalar a matsayin cutar da ake sayen maganinta bayan an gama gini, alhali wurin warware ta shi ne kan takarda, da alƙalami mai launi biyu da ma'aunin tsawo. Ko a cikin na'urorin ma, wadda ta san jirgi na tafe ta daidaita masa wuta kafin ya iso ta fi wadda ke jira sai wayoyi sun haɗe sannan ta farga.

Dama da hagu

Jirgin ƙasa na gaske, in mai lantarki ne, yana karɓar wuta daga wayar sama ko daga wani ƙarfe na uku da ke gefen layi, wutar kuma ta koma ta dogon da yake takawa. Ta fuskar wutar da ke jan jirgi, ƙarfen dama da na hagu 'yan ɗaki ɗaya ne. Shi ya sa jiragen da ke ɗaukar motoci ta ramin ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa suke zagaya babban madauki a Folkestone, su zagaya wani a Coquelles, su juyo ba tare da wani ya damu da wane ƙarfe ya gamu da wane ba.

A kan tebur lamarin ya bambanta, domin ƙarafan dogon biyu su ne wayoyin. Ɗaya yana ɗauke da ɓangaren wuta mai alamar tarawa, wanda masu gyaran mota ke sa wa jar waya a kan batir, ɗayan kuma mai alamar ɗebewa, na baƙar waya. Ƙafafun inji na dama suna shan wuta daga wannan, na hagu daga wancan, an kuma raba su da roba a jikin sandar da ta haɗa su. Wutar, wadda ba ta wuce bolt 12 ba a tsohon tsari, ta shiga ta ja, ta ratsa moton da ke cikin inji, ta fita ta baƙi. Ƙa'idar NMRA ta fayyace cewa in ja yana ƙarfen dama, inji gaba zai yi. In aka musanya launukan, ya ja da baya.

To, a ɗauka layi ya miƙe daga tasha, ƙarfen dama ja, na hagu baƙi. Ya isa wata mararraba, ya bi reshe ɗaya, ya yi zagaye, ya dawo ta ɗaya reshen ya sake shiga layin da ya fito. Siffar ludayi ke nan, mariƙi da kai. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya komo ta hanyar da ya bi ya san cewa masallacin da ke damansa da safe yana hagunsa da yamma. Haka dogon yake. A ɗora yatsa a kan jan ƙarfe a bi shi cikin zagayen ba tare da an ɗaga ba, za a ga ya dawo mararraba ya shige kai tsaye cikin baƙi. Wuta ta samu hanyar komawa gida ba tare da ta ratsa wani moto ba, wato wayoyi sun haɗe, kamar an ɗora sifana a kan kawunan batir biyu. Ko babu jirgi ko ɗaya a kan layin, haɗewar tana nan.

Ludayi shi ne mafi sauƙin ganewa. Akwai kuma alwatika, inda layuka uku suka haɗu da mararraba uku har inji ya iya juyawa da gaba da baya kamar mota a lungu, da faifan juyawa, wanda ke ɗaukar inji ya juya shi a wuri ɗaya. Dukansu hukuncinsu ɗaya: duk inda jirgi zai iya komawa kan layin da ya bi yana kallon inda ya fito, ja da baƙi za su gamu.

Waɗanda suka kauce

Akwai kamfanonin da suka guje wa rigimar tun daga tushe. Lionel na Amurka da Märklin na garin Göppingen a Jamus sun sa ƙarfe na uku a tsakiyar layi. Na tsakiyan shi ke kawo wuta, na gefe biyun su mayar da ita. Tsakiya kuwa tsakiya ce ko ta ina aka ɓullo mata, saboda haka yaro ɗan shekara bakwai zai iya harhaɗa ludayi da alwatika a kan tabarma, jirgi ya yi ta yawo babu abin da zai tsaya. A shekarun 1950 Märklin ya maye gurbin ƙarfen da 'yan ƙusoshi masu leƙowa daga katakan da dogo ke kwance a kai, wani ɗan faranti a ƙarƙashin inji yana shafar su, don kada abin ya yi muni a ido.

Masoyan wannan tsari suna da hujja in sun yi alfahari. Amma sauran duniya ta zaɓi wata hanya, kuma da idonta a buɗe. A 1946 American Flyer ya fito da jirage masu dogo biyu yana tallar cewa nasa ne ya yi kama da na gaske. Fleischmann na Jamus ya shigo ma'aunin HO da dogo biyu a 1952. Hornby Dublo na Ingila, wanda ya fara da ƙarfe uku a 1938, ya sallama a 1959. Mutumin da zai shafe wata guda yana fentin tsatsa a jikin tarago don ya yi kama da wanda ya sha ruwan sama ba zai jure ganin ƙarfen da babu shi a layin gaske ba. Zaɓi ne mai ma'ana, sai dai ya zo da bashinsa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Askin, a tsohon tsari, ga yadda yake. Ana yanke ƙarafan biyu a bakin shiga madaukin, a sake yanke su a bakin fita, giɓi huɗu ke nan, har yankin da ke tsakani ya zama tsibiri wanda babu wutar da ke isa gare shi sai wadda aka kai masa da gangan. Sai a ba shi wuta ta makunni mai baki shida, ɗan'uwan wanda ake sauya gida da shi daga wutar NEPA zuwa ta janareta, illa dai a nan ana giciye wayoyin bakunan gefe ta yadda in an ja hannun gaba ja ya tafi dama, in an ja baya ya tafi hagu. Babban layi ma yana da nasa makunnin. Jirgi zai shiga tsibirin launukansa sun dace da na baya. Yana ciki ɗungurungum, sai mai tuƙi ya juya wutar babban layi, ta yadda in ya iso bakin fita zai tarar launukan gaba sun dace da nasa. Ba a taɓa wutar da ke ƙarƙashin jirgin, domin a wannan tsari alƙiblar tafiya a jikin dogo take. In aka juya ta, sai inji ya turje ya koma da baya.

Wasu sukan sa dayod huɗu, 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a jere su yadda tsibirin zai riƙe launi ɗaya ko yaya aka juya na waje. Dabara ce mai arha, amma jirgi ta ƙofa ɗaya tak zai riƙa shiga.

Abin lura a wannan tsohuwar hanya shi ne ba ta yarda da jahilci. Wanda bai gane abin da ke faruwa ba, jirginsa ba zai zagaya ko sau ɗaya ba.

Da kiɗa ya canza

A shekarun 1980 wani Bajamushe, Bernd Lenz, ya ƙirƙiro tsarin da NMRA ta ɗauka a farkon shekarun 1990 ta mai da shi ƙa'ida, wanda yau aka sani da DCC. A nan dogo kullum cike yake da wuta, kimanin bolt 15 a ma'aunin HO, kuma launin ƙarafan yana musanyawa sau dubbai a daƙiƙa guda. Musanyawar ita ce saƙon. In launi ya tsaya na kashi 58 cikin miliyan na daƙiƙa kafin ya juya, lamba 1 ake nufi, in ya kai kashi 100 ko fiye, sifili. Kowane inji yana da 'yar ƙwaƙwalwa da ke karanta wannan saƙo, ta ɗauki wanda aka aiko da sunanta, ta yanke wa moto saurinsa da alƙiblarsa. Jirage goma na iya tafiya a layi ɗaya, kowanne da harkarsa.

Da yawa sukan zaci wannan ya binne matsalar madauki, tunda babu sauran ja da baƙi na dindindin. Tsugune ba ta ƙare ba. A kowane ƙiftawar ido ƙarfe ɗaya ja ne, ɗayan baƙi, kuma a bakin ludayi har yanzu kishiyoyi ne ke gamuwa. Giɓi huɗun nan suna nan daram. Abin da ya sauya shi ne alƙibla ta tashi daga dogo ta koma cikin inji, saboda haka ana iya juya wutar tsibirin a ƙarƙashin jirgi yana tafiya, bai ma san an yi ba. Babban layi ya huta, sauran jiragen da ke kansa ba a taɓa su ba.

Wannan sauƙi shi ya haifi ɗan akwatin. Aikinsa ɗaya: yana sauraron yawan wutar da ke shiga tsibirin. Da zarar ƙafar inji ta taka giɓi ta haɗa ƙarafa masu saɓanin launi, wuta ta yi tsalle sama, akwatin ya ji, ya musanya wayoyinsa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, haɗewar ta gushe, jirgi ya wuce. A ido babu abin da ya faru.

Amma wani abu ya faru, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. An bar wayoyi sun haɗe da gangan, an mai da haɗewar ta zama ƙararrawa. Babu mai hankalin da zai yarda a sa masa makunnin da ke jira sai wutar NEPA da ta janareta sun gwabza sannan ya raba su. Darajar wancan makunni duk tana cikin cewa yana sakin ɗaya kafin ya kama ɗayan. Gaskiya ne bolt 15 ba ya kashe mutum, kwatancen bai dace ta kowace fuska ba. Sai dai a duba lissafi. Tsohuwar na'urar tuƙi takan ba da kimanin amfiya 1. Busta, wato na'urar da ke ciyar da dogo a tsarin DCC, takan ba da amfiya 5, wasu har 10. Bolt 15 sau amfiya 5 wat 75 ke nan, ya ninka ƙarfen liƙin dalma na wat 30 da mai gyaran rediyo ke aiki da shi. Wannan zafi, in ya samu daƙiƙoƙi kaɗan yana bi ta siririyar wayar da ke shafar ƙafar inji, ya isa ya narkar da robar da ke riƙe da ƙafafun.

Tsaron da ke tsakanin mai layi da wannan asara tsere ne. Busta tana da nata makatsin, wanda ke ɗauke wuta gaba ɗaya in ya ji haɗewa. Dole akwatin ya riga shi, in ba haka ba duk jiragen ɗakin su tsaya saboda guda ɗaya ya shiga madauki. Akwatunan da ke aiki da rile, makunnin da maganaɗisu ke motsawa, irin AR1 na kamfanin Digitrax, suna da ɗan noti na saita yawan wutar da za a ɗauka a matsayin haɗewa. In aka sa shi ƙasa, jirgi mai nauyi da fitilu da na'urar sauti zai sa akwatin ya yi ta juya wuta ba gaira ba dalili. In aka sa shi sama, busta ta riga shi. In kuma wayoyin da ke ƙarƙashin tebur sirara ne ko mahaɗan dogo sun yi datti, wutar haɗewar ba za ta kai inda ɗayansu zai ji ba, sai ta tsaya a tsakani tana dafa inji a hankali. Wannan ce mafi muni, kuma dominta ne ƙwararru ke ɗora kwabo a kan ƙarafan biyu a kowane sashe na layi: in wuta ba ta ɗauke nan take ba, wayar wurin ba ta isa ba.

Sababbin akwatuna masu taransista sun fi na rile sauri nesa ba kusa ba, kuma sun rage tartsatsin da ke barin baƙin tabo a ƙafafu da bakin giɓi. Wanda ya ce babu ci gaba bai yi adalci ba. Amma ginshiƙinsu bai canza ba.

Abin mamaki shi ne a ludayi mai mararraba ɗaya, bayanin da ake buƙata yana nan a fili kyauta. Jirgin da ya shiga ta reshen dama ba zai fita ta na hagu ba sai an juya mararrabar. Ke nan matsayin mararraba shi kansa yana faɗin launin da ya kamata tsibirin ya ɗauka. Injinan juya mararraba da yawa, irin Tortoise na kamfanin Circuitron, suna zuwa da ƙarin bakunan makunni a jikinsu. A haɗa su da rile guda mai arha, duk lokacin da mararraba ta motsa wutar tsibiri ta bi ta, kuma ƙafar jirgi ba za ta taɓa tarar da saɓani a giɓi ba. Inda siffar layi ta fi haka sarƙaƙiya, akwai na'urorin da ke amfani da gajerun yankunan ji kafin kowane giɓi, ko idanun haske a gefen dogo, su hango jirgi su shirya masa wuta. Suna cin ƙarin yanka da ƙarin waya da ƙarin tunani, shi ya sa ba su da farin jini kamar na waya huɗu.

Akwai wuraren da akwatin mai jiran haɗewa ya fi dacewa, kuma dole a yarda da hakan. A babban layin ƙungiya, inda keɓaɓɓen yanki ke da ƙofofi huɗu ko biyar, mutane da dama suna tuƙi, baƙi suna zuwa da injinansu, na'urar da ba ta tambayar ta ina jirgi ya ɓullo tana da ranarta. Faifan juyawa ma haka. Ƙorafin yana kan mai da shi amsar farko ga kowace tambaya, har a wurin da rile guda zai yi aikin ba tare da tartsatsi ko ɗaya ba.

Abin da akwati ba ya iya aunawa

Akwai sharaɗi guda da babu na'urar da ta taɓa ƙetare shi, mai tsada ko mai arha: keɓaɓɓen yankin dole ya fi jirgi mafi tsawo tsawo. Dalilin a bayyane yake. Bakin shiga yana son launi ɗaya, bakin fita yana son kishiyarsa. In kan jirgi yana taka giɓin fita a daidai lokacin da wutsiyarsa ke taka na shiga, an nemi tsibirin ya zama ja da baƙi a lokaci guda. Akwatin zai juya, ya tarar da haɗewa, ya sake juyawa, ya sake tararwa, yana ƙaf-ƙaf har busta ta gaji ta ɗauke wuta.

A nan ne lissafin takarda ke nuna amfaninsa. Taragon fasinja na Turai mai tsawon mita 26.4 yakan koma milimita 303 a ma'aunin HO. Shida da inji sun kai mita 2. Tarago mai ƙafafun roba ba ya shiga lissafi, domin ba ya ɗaukar wuta. Mai ƙafafun ƙarfe yana haɗa bakunan giɓi na ɗan lokaci duk sa'ad da ƙafa ta taka. Mai fitilu a ciki, wanda ke shan wuta ta ƙafafun gaba da na baya, gada ce mai tafiya. In an sa inji na biyu a baya yana turawa, shi ma haka. Sau da yawa layin da ya yi shekara uku lafiya yakan fara ciwo ranar da mai shi ya sauya ƙafafun taragunsa daga roba zuwa ƙarfe don su fi gudu sumul, sai ya ɗora laifin a kan akwatin.

Ludayi yana da wata kariya ta halitta. In an yanka giɓin dab da mararraba, jirgin da ya fi madaukin tsawo zai yi karo da wutsiyarsa kafin ma a yi maganar wuta, don haka babu mai gigin shigar da shi. Haɗarin yana cikin madaukan da ba su yi kama da madauki ba. Sabon shiga a Amurka yakan fara da allon katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8, ya shimfiɗa layi mai siffar ƙwai. Babu matsala. Wata rana ya ga tsakiyar fili ne, ya ratsa shi da layi a karkace daga wannan gefe zuwa wancan. Ya gina madaukin juyawa bai sani ba, kuma layin karkacen bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, babu kuma abin da ke hana jirgi mai mita 2 bi ta kansa. Mafita ita ce a tura giɓin gaba har tsibirin ya haɗiye wani sashe na babban layi, ko a haƙura da dogon jirgi. Dukansu sun fi sauƙi kafin a zuba tsakuwa da gam a kan dogo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mafi yaudara ita ce siffar taɓarya, wadda Amurkawa ke kira ƙashin kare: layuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a tsakiya, kowane ƙarshe ya kumbura ya zagaya. A gaskiya zobe ne guda da aka matse cikinsa, jirgi na zuwa ta wannan layi ya dawo ta wancan, babu saɓanin launi ko kaɗan. Amma tasha mai layi biyu tana kiran a sa mata gajeren layin ƙetarawa daga wannan zuwa wancan, kamar yadda ake yi a tashoshin gaske. Ranar da aka sa shi, kawunan taɓaryar biyu sun zama madaukan juyawa. Wanda ya hango haka tun farko zai ba layukan tsakiya launi iri ɗaya, ya keɓe kowane kai a matsayin tsibiri, daga nan ya sa layukan ƙetarawa ko goma ne. Wanda bai hango ba zai yi ƙoƙarin keɓe ɗan guntun ƙetarawar, mai tsawon taƙi ɗaya ko biyu, wanda ko inji shi kaɗai da ƙyar yake ɗauka. Kuma in tsibirai biyu suka yi maƙwabtaka babu yanki mai tsayayyen launi a tsakaninsu, akwatunansu za su yi ta juya wa juna wuta kamar mutum biyu da suka haɗu a ƙofa kowa na kauce wa ɗan'uwansa ta gefe ɗaya.

Giɓin kansa

Ana sayar da mahaɗan roba da ke riƙe bakunan dogo su hana su taɓa juna. Wasu sun fi son su yanka da siririn zarto bayan an kafa layi, domin yankan ya fi ɓoyuwa. Wanda ya yi haka ya bar giɓin fanko ya ajiye wa kansa rigima. Dogon zamani gamin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, kuma mita ɗaya nasa yana ƙara kusan sulusin milimita in zafi ya hau da digiri 20. Katakon da ke ƙarƙashi yana tsukewa in iska ta bushe, wanda sau da yawa ya fi miƙewar ƙarfen tasiri. Duk wanda zai gina irin wannan abu a inda ake hunturu da bazara sai ya ninka hattara, domin ƙofar katakon da ke cijewa da damina ta yi sako-sako da rani ta riga ta ba shi labari. Giɓin rabin milimita na iya rufewa da azahar ya buɗe da dare, ya haifar da laifin da ke zuwa ya tafi babu sanadin da ido ke gani. Maganinsa ɗan yankin roba mai tauri da za a cusa a giɓin da gam, a goge shi ya yi daidai da saman dogo.

Layin dogo na gaske ma yana da irin waɗannan mahaɗai masu katange wuta, tun bayan da William Robinson ya fito da tsarinsa na gane inda jirgi yake ta hanyar sakin 'yar wuta a dogo, a 1872. Injiniyoyin sigina sukan ba yankuna maƙwabta launuka masu saɓani da gangan, domin in mahaɗi ya lalace sigina ta koma ja. Abin da ke damun mai tebur, su sun mai da shi mai gadi.

Sannan wayoyin tsibiri su kasance da launinsu dabam a ƙarƙashin tebur, su fito daga na'urar juyawa ita kaɗai. Waya guda da ta ɓace daga babban layi ta shiga tsibirin ta rushe duk keɓewar. Madaukai kuma galibi a ƙarƙashin dutse ko bayan bango ake ɓoye su, tunda ba su da kyan gani, saboda haka wurin da giɓi yake yana bukatar murfin da hannu zai shiga.

Kafin duk wannan, zanen layi ya sha alƙalami biyu, ja a ƙarfe ɗaya, baƙi a ɗayan, a bi kowane reshe har ƙarshensa, a yi da'ira a duk inda launukan suka yi karo. In an riga an kafa dogo, sai a ɗauki tarago guda a manna masa jan tef a gefe ɗaya, a tura shi da hannu ta kowace hanyar da mararrabu suka ba da dama, gaba da baya. In ya dawo kan layin da ya taɓa bi, jan gefen yana kallon bangon da ɗazu ya ba wa baya, akwai madauki a wurin ko ido bai gan shi ba. Ana maimaita gwajin duk lokacin da aka ƙara mararraba ko guda ɗaya ce, kafin a kunna wuta.